Kunkurun Gida, Kabewa Da Allurar Raguna: Abin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwa Su Sani

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar da ta tashi daga Jugu ta gangara kudu zuwa Basila ya san Pelebina. Ƙasa ce ta manoman doya da kashu da kaɗanya, kuma har yanzu akwai sauran daji a kewayenta. Idan damina ta ja baya aka shiga sharar gona da ƙona daji, ba abin mamaki ba ne yaro ya ci karo da kunkuru a ƙarƙashin busasshen ganye, ya ɗauko shi ya kawo bakin titi. Daga nan sai ka ga kunkurun ya hau mota tare da kayan doya, ya wayi gari a tsakar gidan wani alhaji a Zongon Jugu ko na Paraku, wani lokaci ma har ya ƙetare iyaka zuwa Togo ko Najeriya.

Ajiye kunkuru a gida ba sabon abu ba ne a wurinmu. Wasu don yara suke ajiyewa, wasu don sha'awa, wasu kuma suna da abin da suka yi imani da shi game da tsarin gida, wanda wannan magana ce ta malamai, ba ita ce ta kawo mu yau ba. Abin da ya kawo mu shi ne wata tambaya da masu sauraro suke yawan aiko mana a gidan rediyo: wai gaskiya ne idan ana ba kunkuru kabewa da 'ya'yanta, tsutsar ciki ba za ta kama shi ba? Wasu kuma sukan ƙara da cewa, to idan kabewar ba ta yi aiki ba, a yi masa allurar da ake yi wa raguna? Amsar ta farko tana buƙatar bayani. Amsar ta biyu kuwa gajeriya ce, kuma muna roƙon mai karatu ya riƙe ta ko da zai manta da sauran: kada a yi, allurar nan kashe kunkuru take yi.

Kunkuru ba iri ɗaya ba ne

Kafin a yi maganar abinci, sai mutum ya san wane irin kunkuru ne a gidansa. Wanda aka fi samu a dajin Donga da Borgu shi ne ƙaramin nan da bai wuce tafin hannu biyu ba, mai wata gaɓa a ƙarshen ƙoƙon bayansa wadda yake rufewa kamar ƙyaure idan ya ji tsoro, ya ɓoye ƙafafun baya da jela. Wannan ɗan inuwa ne da laima. A daji yana cin ganye da 'ya'yan itacen da suka faɗo da naman kaza, yana kuma cin dodon koɗi da tana da ƙadandoniya da sauran ƙwari.

Na biyu shi ne babban kunkurun Sahel, mai ruwan ƙasa, mai ƙayoyi a cinyoyin baya, wanda ake kawowa daga arewa. Shi ne na uku a girma a duk kunkuran tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra, kuma babban namiji yakan haura kilo 50. Yana haƙa rami mai zurfi don ya tsere wa zafi, kuma abincinsa kusan duka ciyawa ce. Irinsa ne Alagba, kunkurun nan na fadar Soun na Ogbomosho da ya mutu a watan Oktoba na 2019, wanda mutanen fada suka ce ya shekara 344, kodayake masana sun yi shakkar wannan lissafi. Abin da ba a jayayya a kai shi ne irin wannan kunkuru yakan wuce shekara 70 idan ya samu kulawa. Ke nan wanda ya ajiye shi ya ɗauki amanar da za ta iya zama gado ga 'ya'yansa.

To ka ga dabbar da take rayuwa da ciyawa a busasshiyar ƙasa da wadda take bin laima tana tsintar dodon koɗi ba za a ɗora su a kan abinci ɗaya ba. A nan ne kuskuren farko yake farawa a gidajenmu, inda ake zuba wa kowanne sauran tuwo da shinkafa da ɓawon kayan miya.

Inda maganar kabewa ta samo asali

Ba a banza mutane suke danganta kabewa da maganin tsutsa ba. Ita dai kabewa asalinta daga nahiyar Amurka take, inda aka fara noma ta a Meziko kimanin shekara 10,000 da suka wuce, kuma sai bayan shekarar 1500 ta iso mana har ta zama uwar miyan taushe. Mutanen can sun daɗe suna amfani da 'ya'yanta wajen fitar da tsutsar ciki, har ma kundin magunguna na ƙasar Amurka ya lissafa su a matsayin maganin tsutsa daga 1863 zuwa 1936. A cikin 'ya'yan akwai wani sinadari da ake kira kukurbitin, wanda yake sa tsutsa ta yi laushi ta kasa riƙe bangon hanji.

Har ila yau, a 2012 wasu likitoci sun wallafa sakamakon aikin da suka yi a lardin Sichuan na ƙasar Sin, inda suka yi wa mutane maganin tsila, wato doguwar tsutsar nan mai faɗi da ake ɗauka ta naman da bai dahu ba. Sun ba marasa lafiya 'ya'yan kabewa, sannan ruwan wani ƙwallo da mutanen Asiya ke taunawa kamar yadda muke cin goro, daga baya kuma maganin wankin ciki, kuma akasarinsu sun fitar da tsutsar.

Sai dai a lura da abu uku. Na farko, a jikin mutum aka yi wannan aiki. Na biyu, 'ya'yan kabewa aka bayar, da yawa, tare da wasu magunguna, ba tsokar kabewar da muke yankawa mu jefa wa kunkuru ba. Na uku, tsila aka yi wa magani, ita kuwa ba ita ce ta fi damun kunkurun gida ba. Shi ya sa likitocin dabbobin da suka ƙware a kan masu rarrafe ba su ɗauki kabewa a matsayin maganin tsutsar kunkuru ba, duk da cewa masu kiwonsa a Turai da Amurka su ma suna yawan yaɗa wannan magana a tsakaninsu. Abin da yakan rudi mutane shi ne, kabewa ruwa ne kimanin kashi 90 cikin 100, saboda haka idan kunkuru ya ci da yawa cikinsa yakan saki, kashin ya fito da 'yan tsutsotsi, mai gida ya ce magani ya ci. Alhali waɗanda suka fito kaɗan ne, sauran da ƙwayayensu suna nan. Wannan shi ne kallon kitse ake yi wa rogo.

Wannan ba ya nufin a hana kunkuru kabewa. Abinci ce mai kyau idan ba a zarce ba, domin jan nan nata yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai amfani ga ido da fata. A ba shi ɗanya, a yanka ƙanana ko a goge ta, sau ɗaya a mako ko ƙasa da haka, ba gishiri ba mai. Ganyenta da furenta ma yana ci, muddin ba a yi musu feshin maganin ƙwari ba. 'Ya'yan kuwa suna da maiƙo da yawa, kuma sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi ya yi ƙaranci a cikinsu, ga shi ƙaramin kunkuru yana iya shaƙewa da su, don haka barinsu ya fi. Bugu da ƙari, duk wani ɗan gidan kabewa da aka ɗanɗana aka ji ɗaci, kamar duma mai ɗaci ko gunar daji, a nisanta shi da dabba da mutum, domin ɗacin nan guba ne.

Tsutsar cikin kunkuru

Kusan duk kunkurun da aka ɗauko daga daji yana ɗauke da tsutsa. Waɗanda aka fi gani ƙanana ne farare kamar guntun zare, suna zaune a babban hanji, kuma idan ba su yi yawa ba kunkuru yana rayuwarsa lafiya da su. Akwai kuma manya masu kama da macijin cikin da ke kama yara, waɗanda tsawonsu yakan kai santimita 10, su ne idan suka taru sukan toshe hanji.

A daji kunkuru yana yin kashi ya wuce, ba lalle ya sake bi ta wurin ba. A gida kuwa an tsare shi a lungu ɗaya, nan yake ci, nan yake sha, nan yake kashi. Ƙwayayen tsutsar suna fita ta kashi, su manne a ganyen da aka zubar a ƙasa, ya sake haɗiye su, kullum adadin yana ƙaruwa. A yankin Jugu, inda ruwa yake sauka tun daga wajen Afrilu har Oktoba, laimar ƙasa tana taimaka wa ƙwayayen su daɗe ba su mutu ba. Ke nan ba rashin kabewa ne yake kawo cutar ba, matsi ne da ƙazanta da abincin da bai dace ba.

Alamomin da za a lura da su sun haɗa da ƙin cin abinci, gudawa, faɗawar idanu, ganin tsutsa a kashi, da kuma rashin nauyi. Kunkuru mai lafiya idan ka ɗaga shi za ka ji shi da nauyi kamar dutse. Idan ka ji shi sakayau kamar ƙwarya, to akwai matsala. Mu 'yan kasuwa ba mu rasa sikeli, saboda haka a riƙa auna shi sau ɗaya a wata ana rubutawa. Idan nauyi yana raguwa, a ɗebi sabon kashinsa a leda mai tsabta a kai wa likitan dabbobi ya duba da madubin likita. A Paraku akwai ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na gwamnati, a Najeriya kuma akwai tsangayoyin likitancin dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato, da cibiyar Vom da ke kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924. Akwai maganin da likitoci suke ba kunkuru ta baki, irin su fenbendazol, amma da awo ake bayarwa gwargwadon nauyin dabbar, kuma idan ya zarce shi ma yana illa. Aikin likita ne, ba na mai tebur ba.

Garin neman gira

Yanzu sai mu dawo kan allurar raguna. Babu kasuwar dabbobin da za ka shiga daga Malanbil zuwa Paraku ba ka tarar da kwalbar ibamektin ba, wadda aka fi sani da sunan Ivomec. Magani ne mai albarka ƙwarai. Ya shigo kasuwar magungunan dabbobi a 1981, kuma shi ne dai Mectizan da aka fara rabawa kyauta a 1987 don yaƙi da makantar da ƙudan bakin rafi ke kawowa, cutar da ta taɓa addabar ƙauyukan arewacin Benin. Mutum biyun da suka gano shi, Satoshi Omura na Japan da William Campbell, sun samu kyautar Nobel a 2015. Saboda wannan suna da ya yi, idan Babbar Salla ta gabato aka yi wa raguna allura aka ga saura a kwalba, zuciya takan raya wa mutum ya ɗan ɗiga wa kunkuru.

Tun a 1983 likitocin dabbobi a Amurka suka wallafa cewa wannan magani yana shanye jikin kunkuru har ya kashe shi, ko da kuwa awon da aka ba shi bai taka kara ya karya ba. Dalili shi ne, a jikin rago da na mutum akwai shingen da yake hana maganin isa ƙwaƙwalwa, sai ya tsaya a kan tsutsa kawai. A jikin kunkuru maganin yana kaiwa ga jijiyoyi, wuya da ƙafafu su saki, ya kasa janye kansa, daga bisani numfashi ya gagara. Ba shi da makari. Allura ce ko na baki ne ko na zubawa a baya, duk hukuncinsu ɗaya. Haka nan kififiyar ruwa. Muna kira ga masu sayar da magungunan dabbobi a kasuwanninmu da su riƙa faɗa wa masu saye wannan magana, kada garin neman gira a rasa ido.

Rigakafin da ba ya cin kuɗi

Idan ana neman hanyar da ba ta buƙatar kwalba ko allura, to ga ta, kuma ta fi kabewa aiki nesa ba kusa ba. A riƙa kwashe kashin kunkuru kullum a binne ko a ƙona. A daina zuba masa abinci a ƙasa, a samu faranti ko falalen dutse da za a riƙa wankewa. A sa masa ruwa a kasko mai faɗi marar zurfi, a canja kullum, domin kunkuru yana son yin kashi a cikin ruwa. A ba shi fili gwargwadon hali, kuma lokaci-lokaci a canja masa wuri, a kankare ƙasar saman tsohon wurin a bar rana ta gasa ta. Idan an kawo sabon kunkuru, a ware shi na 'yan watanni kafin a haɗa shi da na gida, kuma kada a haɗa ƙaramin na daji da babban na Sahel a wuri ɗaya.

Babban na Sahel a cika masa gaba da ciyawa, ɗanya da busasshiya, a ƙara da ganyen rama da na yakuwa kaɗan, a kuma yi masa rumfa busasshiya da damina, domin laimar ƙasar Donga ta fi ƙarfin abin da ya saba da shi. Ƙaramin na daji kuwa a ba shi inuwa da tarin busasshen ganye mai ɗan danshi da zai shige, a bar shi ya tsinci tana da dodon koɗi. Dukkansu suna buƙatar hasken rana da kalsiyam, wanda ake samu idan aka dafa ɓawon ƙwai aka daka aka barbaɗa a abinci. Tuwo da burodi da dusa da abincin kaji ba nasu ba ne. Kuma don Allah a daina huda ƙoƙon baya ana ɗaura igiya, ko shafa masa fenti. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, da jini da jijiya a cikinsa, a haɗe yake da haƙarƙari da ƙashin baya.

Sai maganar kaska, wadda ta shafi dukiyarmu kai tsaye. Kunkurun daji yakan zo da kaska a wuya da hammata da gindin jela. A kama ta da hantsaki dab da fata, a ja a hankali, a jefa a wuta. Kada a zuba kananzir ko baƙin mai ko ruwan wankan shanu. Kada kuma a raina wannan aiki. A watan Maris na 2000 hukumar noma ta Amurka ta hana shigar da kunkuran Afirka iri uku ƙasarta, ciki har da babban na Sahel da wani mai ƙyaure a baya, bayan an samu kaska a jikin waɗanda aka kai jihar Florida, daga dangin kaskar da ke yaɗa ciwon nan da yake tara ruwa a jakar zuciyar tumaki da awaki da shanu. Idan ƙasa guda ta rufe ƙofarta saboda kaskar kunkuru, bai kamata mu sauke shi daga mota mu sake shi a tsakiyar ragunan da muka zuba jari a kansu ba tare da mun duba shi ba.

Yara da doka

Akwai kuma lafiyar iyali. Kunkuru, ko da lafiyarsa ƙalau, yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a hanjinsa, mai sa gudawa da zazzaɓi, kuma ta fi tsanani ga ƙananan yara da tsofaffi da masu juna biyu. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkura da kififiya da ba su kai inci 4 ba tun 1975, domin yara suna kai su baki. Don haka duk wanda ya taɓa kunkuru ya wanke hannu da sabulu, kada a wanke kaskonsa a inda ake wanke kwanukan abinci, kada kuma a bar shi yana yawo a inda uwargida take shanya gari ko kuɓewa.

Daga ƙarshe, ga abin da ya shafi masu ƙetare iyaka. Duk kunkuran tudu suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a birnin Washington a 1973 don sa ido a kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Najeriya da Nijar suna cikinta tun 1975, Benin kuma ta shiga a 1984. Ma'ana, fitar da kunkuru daga wata ƙasa zuwa wata sai da takardar izini. A shekarar 2000 ƙasashen suka amince cewa ba za a ƙara fitar da babban kunkurun Sahel da aka kamo daga daji don ciniki ba, kuma a 2021 ƙungiyar IUCN mai lura da halittu ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. A cikin gida ma Benin tana da dokar namun daji ta 2004, wadda ma'aikatan gandun daji suke aiki da ita. Ɗan kasuwar da ya ɗora kunkuru a kan kaya don ya kai wa yara tsaraba yana iya jawo wa kansa tsaiko a hannun duwan ko kwastan, har abin ya shafi kayan da ba su ji ba ba su gani ba.

Shawararmu ita ce, wanda bai ajiye ba ya bar kunkuru a dajinsa, domin duk wanda aka saya a bakin titi, gobe wani yaron zai shiga daji neman wani. Wanda kuma ya riga ya ajiye, ya riƙe amana: tsabta, fili, ruwa, abincin da ya dace, kabewa jefi-jefi, likita idan ciwo ya zo. Idan ya ga ba zai iya ba, ya tuntuɓi ma'aikatan gandun daji maimakon ya yar da shi a inda ba zai rayu ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba da kasuwa, Ya kuma kai kowa gida lafiya.